Yadda ake ƙara wa motar zamani ƙarfi da kyau: daga sifana zuwa kwamfuta da batir

Shekaru talatin da suka wuce, wanda yake son motarsa ta ƙara ƙarfi, sifana da sukundireba sun ishe shi. Ya buɗe kafireta, ya sauya jet, ya ɗan juya distiributa, sannan ya kasa kunne ya ji yadda inji ke amsawa. Motar yau ba ta yarda da wannan. Kwamfutoci ne cike da cikinta, a manyan motoci sukan kai gommai, kowace tana sauraron 'yar uwarta. Ka sauya taya, birki ya sani. Ka sauke mota ƙasa, kyamarar da ke bayan gilashin gaba ta fara ganin titi a karkace. Masu sha'awar sauya mota ba raguwa suka yi ba, aikin ne ya koma na awo da lissafi, kuma inda ya dosa shi ne manhaja da wutar lantarki. Wanda ya shiga da tsohon salo, gyaran gangar Auzinawa zai yi.

Kafin ka kwance noti ɗaya

Fara da sanin lafiyar motar. A ƙarƙashin sitiyari akwai soket mai ramuka 16 da ake kira OBD-II. Amurka ta wajabta shi tun motocin 1996, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, 2004 ga masu dizal. Jona na'urar karatu, ka duba dukkan kwamfutocin, ba ta inji kaɗai ba, ka adana sakamakon. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne adadin gyaran mai na dogon lokaci, LTFT, wato yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan wanda aka tsara. Idan ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, akwai inda iska ke ɓulla, ko nozul ya toshe, ko sansa ta gaji. Auna matsin kowace silinda. Bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10. Injin da ke shan baƙin mai, ko yake zafi a cunkoso, ƙarin ƙarfi gaggauta mutuwarsa kawai zai yi. A sauya filogi, mai, matatar iska da ruwan lagireto tukuna.

Taya, birki da tsayin mota

Yawancin mutane inji suke fara taɓawa. Mu a ganinmu shi ne na ƙarshe, domin duk ƙarfin da ka ƙara ta tafin taya huɗu zai isa ƙasa.

Idan za ka ƙara girman wili, faɗin da'irar tayar gaba ɗaya ya tsaya kusa da na asali. Ɗauki 225/45 R17: gefen tayar kashi 45 ne na 225, wato milimita 101. Ninka shi biyu, ka haɗa da inci 17, milimita 432 ke nan, ka sami 634. Ita kuwa 225/40 R18 tana ba da 637, bambancin bai kai kashi 1 ba, sai ta zauna lafiya. In ya wuce kashi 3, malejin gudu zai yi ƙarya, ABS da na'urar hana santsi su fara lissafi da adadin da ba daidai ba. A mota mai ja da taya huɗu, tayoyi marasa girma ɗaya suna cin giyar tsakiya.

Sai abubuwa uku da ake yawan mantawa. Tazarar ramukan noti, kamar 5x112 ko 5x114.3, suna kama da juna a ido amma ba sa hawa wa juna. Wanda ya tilasta zai lanƙwasa kusoshi. Lambar ET tana nuna inda wili ya zauna: daga ET45 zuwa ET35 ya fito waje da milimita 10, kuma duk fitowar da ya yi nauyi ne a kan boris. Mazaunin noti kuma iri uku ne, mai tsini, mai dunƙule da shafaffe, ba a haɗa su. Noti mai girman M12x1.5 yana bukatar ya shiga zagaye takwas. A ɗaure da sifana mai awo bisa adadin da ke littafin motar, galibi tsakanin Nm 110 da 140 (Nm ma'aunin ƙarfin juyi ne), a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100.

Birki kuwa, tuna cewa motar da ke gudun 140 tana ɗauke da kusan ninki biyu na kuzarin da take da shi a 100, duk kuma zafi zai zama a faifai. Kafin ka sayi manyan kalifa masu launi, wato ƙarafan da ke matse faifan birki, sa takalmin birki mai jure zafi da sabon man birki. DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, DOT 5.1 kuma 260, amma dukansu suna tsotsar danshi, shi ya sa ake zubar da su duk shekara biyu. DOT 5 na silikon ne, sunan ne kawai ya yi kama, kada ya haɗu da sauran.

Sauke mota da milimita 25 zuwa 35 ya isa titi. Gajeren sifirin a kan tsohuwar shakazoba yana kashe ta da wuri, don haka a sauya su tare. Notin bushin ba a ɗaure shi ƙarshe sai mota ta sauka a kan tayoyinta. In an ɗaure tana rataye a jak, robar za ta zauna a murɗe ta yage. Bayan nan sai alaimen, sannan abin da tsofaffin hannu ba su saba da shi ba: sake saita kyamara da rada. Na'urar taka birki da kanta da mai riƙe layi an saita su ne bisa tsayin asali. Kuskuren digiri 1 kacal a rada yana karkatar da ganinta da mita 1.7 a nisan mita 100, rabin layin titi ke nan. Sabuwar bamba, ko leda mai ƙyalli da aka manna a kan murfin rada, su ma suna makantar da ita.

Kwamfutar inji

Nan ne ƙarfin yake yanzu. Injin da ba shi da turbo kaɗan yake samu daga sauya manhaja, sau da yawa kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Mai turbo kuwa ana iya samun ƙarin kashi 15 zuwa 30 ba tare da an kwance ko noti ba, saboda kamfani yana barin sarari don mai maras kyau, zafin wasu ƙasashe da kuma garanti. Wannan sararin kake ci. Ka san da haka tun farko.

Hanya biyu ce. Akwai ƙaramin akwati da ake jonawa tsakanin sansa da kwamfuta, yana rage adadin matsin iskar da sansa ke faɗa, sai kwamfuta ta ƙara wa turbo aiki. Yana da sauƙin cirewa, amma yaudara ce: kwamfuta tana lissafi da ƙarya. Hanya ta biyu ita ce a sake rubuta taswirar da ke cikin kwamfutar, wato yawan mai, lokacin tartsatsin filogi, matsin turbo da iyakar ƙarfin juyi. Ita ta fi, in mai yin ya san aikinsa.

Ga yadda ake yi. Jona caja mai riƙe wuta daram a wajen volt 13.5, ƙaramar cajar dare ba ta isa ba, domin fanka da famfon mai kan tashi ana tsakiyar rubutu. Kashe fitilu, rediyo da na'urar sanyaya ɗaki, kada a buɗe ƙofa. Karanta fayil ɗin asali ka adana shi wuri biyu, tare da lambar manhajar da ke jikinsa. Fayil ɗin da za ka zuba ya zama na wannan lambar daidai, ba na mota mai kama da ita ba. Manhajar rubutu ta gyara lissafin tantancewar da ke cikin fayil, wanda kwamfuta ke dubawa don tabbatar da cewa fayil bai lalace ba, in ba haka ba mota ba za ta tashi ba. Idan wuta ta faɗi ko waya ta zare ana cikin rubutu, kwamfutar ta mutu a tsaye. Sai an ciro ta an farfaɗo da ita a kan tebur, kuma fayil ɗin asalin nan ne zai cece ka.

Rubutu ba shi ne ƙarshe ba. A kan dayino, wato na'urar auna ƙarfin mota, ko filin tsere, ja motar a giya ta uku ko ta huɗu daga juyi 2,000 a minti zuwa jan layin da ke nuna iyakar juyin inji, kana naɗar bayanai. Fetur yana ƙonewa tas a kan iska kashi 14.7 da mai kashi 1, abin da ake kira lamda 1. A ƙarƙashin cikakken matsin turbo ana son mai ya ɗan yi yawa, lamda 0.78 zuwa 0.85, saboda rarar man tana sanyaya fistin. In ka ga lamda ta haura wajen 0.9 a saman juyi, ɗaga ƙafa. Duba yadda kwamfuta ke ja da lokacin tartsatsi baya saboda ƙwanƙwasa. Digiri 1 ko 2 jefi-jefi ba komai ba ne; 4 zuwa sama a duk ja yana nufin man bai kai ba ko iskar ta yi zafi. Ƙwanƙwasa fashewar mai ce kafin lokacinta, ita ke fasa bakin fistin da ringi. Nozul kada ya wuce kashi 85 na lokacin buɗewarsa, matsin man da aka samu kuma ya bi wanda kwamfuta ta nema. In ya faɗi a sama, famfon mai ya kai iyakarsa.

Abin da bayanan suka nuna shi za ka saya, ba abin da aka yi talla ba. Zafin iskar shiga yana hawa sama da digiri 50 a ja na uku? Babbar intakula, wato na'urar sanyaya iskar da turbo ta matse. Inji yana tsallake wuta a saman matsi? Filogi mai sanyi da mataki ɗaya, wato wanda ya fi saurin zubar da zafi, a matse bakinsa zuwa milimita 0.6 ko 0.7. Wanda zai koma man E85, wato fetur da aka gauraya da sinadarin ethanol mai yawa, ya sani cewa yana bukatar ƙarin mai kusan kashi 30, don haka famfo da nozul za su riga komai ƙarewa.

Giya ma tana da iyakarta. DQ200 ta Volkswagen, mai busasshen kuloci da giya bakwai, an gina ta ne don Nm 250. Ka tura mata 330, kulocin zai fara zamewa. Ƙarfin juyi mai yawa a ƙasan juyi, wajen 1,500 zuwa 2,000, shi ne ke lanƙwasa sandar fistin, musamman a ƙananan injuna masu fesa mai kai tsaye. Mai saiti nagari yana sassauta shi a can, ko da adadin da ke takarda bai burge ba. A irin waɗannan injuna a yi amfani da baƙin mai mai darajar API SP, a kuma rage tazarar sauya shi.

Cire matatar hayaƙi daga salansa haramun ne a titunan Amurka da Tarayyar Turai, a Birtaniya kuma tun 2014 motar dizal da aka cire wa matatar toka ba ta cin gwajin shekara. Ribar ma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba.

Ƙofar da ake ta rufewa

A 2015 wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka nuna za a iya sarrafa Jeep Cherokee daga nesa ta intanet. Fiat Chrysler ta janye motoci miliyan 1.4 don gyara, daga motocin 2018 kuma ta sa shinge tsakanin soket ɗin OBD da sauran kwamfutoci. Volkswagen ta kawo nata a Golf 8. Dokar tsaron manhaja ta UN R155 ta hau kan duk sabuwar mota a Tarayyar Turai tun Yulin 2024. Ma'anar wannan ga mai saiti: karatu yana nan, rubutu sai da izini. Sababbin kwamfutocin Bosch na jerin MG1 da MD1 da yawansu sai an ciro su an buɗe a tebur. Saboda haka kafin ka sayi mota da niyyar sauya ta, bincika wace kwamfuta ce a ciki da ranar da aka ƙera ta. Mota biyu masu suna ɗaya, ɗaya ta buɗu, ɗaya ta ƙi. Sabuntawar da kamfani ke turowa ta iska, ko wadda dila ya zuba, tana iya goge saitinka. Kuma mayar da fayil ɗin asali ba ya ɓoye sawu, kwamfutoci da yawa suna ƙirga sau nawa aka rubuta su, garantin inji da giya kuwa a nan yake faɗuwa.

Wayoyi ma a kiyaye. Wayoyi biyu da ka gani a murɗe da juna, sau da yawa layin CAN ne da kwamfutoci ke magana a kai, ba wurin satar wutar kyamara ko lasifika ba ne. Ɗauki wuta daga akwatin fiyus da fiyus ɗinta. In kana zargin layin, cire kan batir ka auna tsakanin wayoyin biyu: om 60 lafiya, 120 yana nufin gefe ɗaya ya yanke.

Mayar da tsohuwar mota ta lantarki

Yayin da sababbin motoci ke kulle kansu, tsofaffi sun zama fili. Faransa ta halatta wannan aiki da doka a 2020, Ford kuma ta fara sayar da injin lantarki shi kaɗai a 2021, Eluminator, mai ƙarfin doki 281. Masu yi a gida sun fi ɗauko inji, inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda injin ke bukata) da batir daga Nissan Leaf ko Tesla da suka yi haɗari.

Fara da sikeli. Auna nauyin kowace taya kafin ka cire komai, domin burinka nauyin gaba da baya ya dawo kusa da yadda yake, kuma jimillar kada ta wuce wadda ke rubuce a jikin mota. Batir ne matsalar. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da kusan kWh 9, tanki mai lita 50 bai kai kilo 40 na mai ba, alhali batirin Leaf na farko mai kWh 24 ya doshi kilo 300 da akwatinsa. Lissafin nisa kuma mai sauƙi ne: batir mai kWh 30, kana amfani da 27, mota tana cin 18 a kilomita 100, kilomita 150 ke nan. A raba batirin, wani a mazaunin inji, wani a mazaunin tanki, can ƙasa, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaure da shasi, nesa da wuraren da ke lotsewa a karo.

Ƙwayoyin batir 96 a jere, kowace volt 3.7, suna ba da 355, a cike kuma 403. Wutar DC da ta haura volt 60 an riga an lissafa ta cikin mai haɗari, balle wannan. Safar hannu ajin 0 mai jure volt 1,000, a hura mata iska a duba huda kafin kowane aiki. Sifana mai rufin roba, babu zobe babu agogo, kuma kada mutum ya yi aikin shi kaɗai. Cire makatsar tsakiyar batir, jira minti 10 kafasito, wato ƙananan ma'ajiyar wuta, su sauke, gwada mitar a kan batir mai rai, auna, sake gwada mitar. Duk wayar babbar wuta ta zama ruwan lemo, kaurinta mm² 35 zuwa 50 ga yawancin irin wannan aiki, kuma ba a haɗa ko ɗaya daga cikin wayoyin biyu, ta + da ta −, da jikin mota kamar yadda ake yi wa volt 12. Auna da na'urar gwajin rufi, a nemi aƙalla om 500 ga kowane volt, wato 200,000 a kan 400.

Inda sababbin shiga suka fi ƙona kaya shi ne wajen kunnawa. A cikin inbata akwai babban kafasito, wanda in babu komai a cikinsa yake zuƙar wuta kamar an haɗa waya da waya. Ka rufe babban makunni kai tsaye, bakinsa zai narke ya manne, daga nan ba ya sake buɗewa ko da an kashe mota. Maganin shi ne ƙaramin layi mai resisto da ke fara cika shi a hankali. Da om 100 da kafasito mai µF 1,000, wutar farko a kan volt 400 amfiya 4 ce, cikin rabin daƙiƙa ya cika, sannan babban makunnin ya rufe. Fiyus kuma ya zama na DC mai darajar wannan wutar. Na AC ba ya iya kashe tartsatsin.

Na'urar kula da batir, BMS, ba a yi mata rowa. Ita ke kallon kowace ƙwaya, ta hana ta wuce volt 4.2 ko faɗuwa ƙasa da 3.0, kuma dole ta kasance da ikon yanke caja da makunni da kanta. Nau'in batirin lithiyam da ake kira LFP iyakarsa daban ce, 3.65 a sama, don haka a saita ta daidai da irin ƙwayar. Ba a cajin lithiyam a ƙasa da digiri sifili, ba a kuma haɗa tsofaffin ƙwayoyi da sababbi a jere ɗaya, mafi rauni ce za ta yanke wa sauran nisa.

Sai abubuwan da tsohon inji yake yi a ɓoye. Shi ke ba birki iskar tsotso, yanzu sai famfon lantarki da ɗan tanki. Shi ke juya famfon sitiyari da kwamfuresan sanyi, shi ke ɗumama ɗaki. Altaneta ta tafi, sai na'urar DC-DC ta sauke babbar wuta zuwa volt 14 don ƙaramin batir. Idan ka bar tsohuwar giya, farantin da zai haɗa ta da sabon inji sai a injin sassaƙa ƙarfe, karkata kada ta wuce kusan milimita 0.1, in ba haka ba girgiza za ta cinye boris. Injin lantarki yana ba da dukkan ƙarfin juyinsa daga tsaye, abin da tsohon shaf bai taɓa gani ba. A rage shi a manhajar inbata, a bar shi ya hau a hankali.

Motar lantarki ta kamfani kuwa, ƙarfinta a kulle yake, har wasu kamfanoni kamar Tesla da Mercedes suna sayar da ƙarin gudu ta manhaja. Abin da ya rage wa mai sha'awa shi ne ƙafa: wili maras nauyi, shakazoba, birki, da taya mai lambar ɗaukar nauyi daidai da ta asali ko sama, saboda motar ta fi takwararta mai fetur nauyi sosai. Faffaɗar taya mai ɗanko tana rage nisan caji, a sa wannan a lissafi.

Ko wace hanya ka bi, ajiye fayil guda na motar: sakamakon karatun farko, fayil ɗin asali na kwamfuta, takardar alaimen da ta saitin rada, lambobin kayan da aka sa, da zanen wayoyi in aikin lantarki ne. A Jamus duk sauyin da ba shi da takardar amincewa sai mai duba ya gani an shigar da shi takardun mota, ƙasashe da yawa kuma suna da irin nasu tsarin. Sanar da kamfanin inshora a rubuce kafin motar ta hau titi, kuma kada ka sayar da kayan asalin da ka cire. Zuba su a kwali, ka rubuta sunan kowanne da gefen da ya fito.